Kwana huɗu a Landan: ina zan sha gahawar kirki?

Nura: Assalamu alaikum jama'a. Aiki zai kai ni Landan mako mai zuwa. Kwana huɗu zan yi, taron kuma da safe ne kawai, daga azahar sai abin da na ga dama. Na daɗe ina jin ana zancen shagunan gahawa na musamman, irin waɗanda har sunan gonar da aka noma ta suke rubutawa a jikin leda. Ni dai iyakar sanina ita ce ta gwangwani, cokali ɗaya, ruwan zafi, madara da suga. Na samo wani jeri mai shaguna 24, na raba su shida-shida. Waɗanda suka san garin, daga ina zan fara?

Dakta Rabi: Wa alaikumus salam. Shida a kullum? Nura, taro za ka je ko gado kake nema a asibitinsu? Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta fitar da matsaya a 2015 cewa babba mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 na kafeyin a yini, mai juna biyu kuma 200. Irin waɗannan shagunan yawanci awo biyu na gahawa mai ƙarfi suke matsa wa kowane kofi, ba kamar cokalinka ɗaya ba. Uku sun ishe ka, na ukun ma kada ya wuce la'asar, don rabin abin da ka sha ƙarfe huɗu yana nan a jininka har wajen tara na dare.

Ummi: Dakta ki bar shi ya sha, mu ga mutumin da zai gabatar da muƙalar awa guda cikin minti goma.

Nura: Anti Ummi, Allah ya shirye ki. To na ji, uku. Amma waɗanne uku?

Sadiya: Nura, fara yaga jerin nan tukuna. Na yi shekara biyu ina aiki a bayan kanta a wani ƙaramin shago a can lokacin da nake karatu, kuma abin da masu rubuta irin wannan jerin ba sa faɗa shi ne, shaguna da yawa ba su suke soya gahawarsu ba, saro ta suke yi. Kana iya shiga shago biyar, fenti daban, kujeru daban, alhali duk a wajen mai suya ɗaya suka ɗauko. Ka ga ka sha abu ɗaya sau biyar ke nan, ka kuma biya kuɗin jirgi a banza. Da ka shiga ka ɗaga kai ka dubi ledojin da aka jera a kanta, sunan mai suyar yana jiki. Shi za ka riƙa bi. Sannan ka ɗauki unguwa ɗaya kowace rana ka taka da ƙafa. Taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa tana ruɗin baƙo, sai ya ga ko'ina da nisa, alhali daga Covent Garden zuwa Soho tafiyar minti goma ce.

Ummi: Ashe muna da barista a cikinmu ba mu sani ba, kuma ko ƙofar kotu ba ta sani ba.

Sadiya: Wallahi Anti, ranar da na faɗa wa kakata a waya aikin barista na samu, ta yi ta sa mini albarka, ta zata lauya na zama. Ban gyara mata ba har yau.

Malam Habu: Bari in ɗan koma baya don Nura ya san abin da zai je nema. Wannan "ta musamman" ɗin tana da ma'auni, ba bakin masu talla ba ne kawai. Akwai ƙwararrun maɗanɗana masu takardar shaida, su jera kofuna, su zuba ruwan zafi a kan garin, su sansana, su zuƙa da cokali da ƙarfi har kana jiyo sautin daga bakin ƙofa, sannan su ba da maki a kan 100. Wadda ta kai 80 ta shiga aji. Wata mata 'yar asalin Norwe mai fataucin gahawa a San Faransisko, Erna Knutsen, ita ta fara amfani da sunan a 1974. A 2002 wata mai suya, Trish Rothgeb, ta kira abin zango na uku: na farko gwangwanin da Nura ya saba, na biyu manyan kamfanoni irin su Starbucks, na uku waɗannan da suke kallon gahawa a matsayin ɗan itace mai gona da mai noma da shekarar girbi. Kusan duk irin gahawar da ake kira arabika suke sayarwa. Robusta, wadda ta fi ta ɗaci kuma ta kusa ninka ta a kafeyin, ita aka fi yin ta gwangwani da ita.

In ka ɗauki leda, bayan sunan ƙasa ka duba yadda aka sarrafa ta. Akwai wankakkiya, wadda ake ɓare ɓawon, a bar yauƙin ya ɗan ruɓe, a wanke ƙwayar tas sannan a shanya. Tana fitowa garau, kusan kamar shayi mai ƙamshin fure, musamman ta Yirgacefe a Habasha. Akwai wadda ake shanyawa da ɓawonta makonni, zaƙin ɗan itacen ya ratsa ta. Wannan ita ce take gigita wanda bai taɓa sha ba, sai ya rantse an ɗiga wani abu a ciki.

Alhaji Sani: Malam Habu, da girman kujerarka, amma ni wannan maki 80 ɗin na sha shi, ban ga abin da ya tsinana ba. Shekarar da na je Landan ɗana ya ja ni wani shago, ba zan kama suna ba. Babu kujerar kirki sai benci kamar na jiran likita. Wani yaro ya ɗora sikeli, ya kunna agogo, yana ɗiga ruwa kamar mai bai wa jariri magani. Minti biyar ina tsaye. Abin da ya miƙo mini ruwa ne ja-ja, tsararo, ga tsami kamar an matse lemo a ciki. Na ce a ba ni suga, ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa. Gahawa da ɗaci aka san ta. In tsami nake so ai na san inda ake sayar da lemo.

Ummi: Alhaji ya sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Ga tsada ga tsami ga kallon banza.

Sadiya: Ranka ya daɗe, kallon banzan nan laifin yaron ne, ba ni da abin kare shi. Maigidanmu in ya ga ka yi wa mai saye haka, ranar ka gama aiki. Wanda ya biya kuɗinsa ya sa suga buhu guda in ya ga dama. Amma tsamin iri biyu ne. Akwai wanda yake cikin ƙwayar tun daga gona, irin na tuffa ko lemon zaƙi, wanda zaƙi yake biyo bayansa. Akwai kuma tsamin kuskure, idan niƙan ya yi tsaki-tsaki ko ruwan ya wuce da sauri bai tatso zaƙin ba. Wannan shi ne mai sa mutum ya yamutsa fuska, ba ya barin komai a baki sai lami. Yadda ka kwatanta naka, tsararo ga tsami, ina zargin na biyun aka ba ka. Da ka mayar, a shagon kirki sake maka za a yi ba tare da ƙarin kuɗi ba.

Injiniya Bashir: Ƙari a kan maganar Sadiya. Ɗacin da Alhaji yake so yawancinsa daga wuta yake zuwa. In ana suya, ƙwayar takan fashe da ƙara a wajen digiri 196, ita ce fashewar farko. Masu suya mai haske suna sauke ta jim kaɗan bayan nan. In aka bar ta ta kai fashewa ta biyu, wajen digiri 224, sai mai ya tsattsafo a jikinta, ta yi baƙi tana sheƙi, tsamin ya mutu, ƙauri ya maye gurbinsa. A wannan matakin ta Kenya da ta Barazil duk sun kusa zama abu ɗaya a baki. Shi ya sa wanda ya sayi ƙwaya mai tsada ba ya son ƙona ta, asarar kuɗinsa zai yi. Wanda ya sayi mai araha kuwa wuta ce take rufa masa asiri.

Alhaji Sani: Wato Injiniya, shekara arba'in ƙonanniya nake sha ban sani ba, sai yau da kuka zo da sikeli?

Malam Habu: A'a Alhaji, a nan kam ina bayanka, Injiniya ya ɗan zarce. Baƙar suya ma sana'a ce mai zaman kanta, Italiyawa a kanta suka gina sunansu, kuma akwai mai kyau akwai ta banza kamar kowane abu. Ni ma abin da yake ba ni haushi da wasu 'yan zango na ukun nan shi ne sun mayar da abin kamar ɗariƙa, wanda bai bi ba jahili ne. Nura, in ka shiga Soho ka nemi Bar Italia a Frith Street, tun 1949 suke nan, dangi ɗaya ne suke riƙe da shi. Ka sha esfireso, wato 'yar gahawa mai kauri da inji yake matsowa, a tsaye yadda ake sha a Italiya. A saman benen nan ne John Logie Baird ya fara nuna wa jama'a talabijin a Janairun 1926, akwai allo a bango. Ka karya kwana zuwa Old Compton Street ka shiga Algerian Coffee Stores, wanda yake nan tun 1887. Ƙamshin kaɗai ya isa dalilin zuwa. Daga nan ka taka zuwa Berwick Street, inda wasu 'yan Ostareliya da Niyu Zilan suka buɗe shagon Flat White a 2005, wanda ya taimaka wajen koya wa garin shan filat wayit. Cikin tafiyar da ba ta kai rabin awa ba ka ga tsohon yayi da sabo, sai harshenka ya yanke hukunci.

Nura: Mene ne bambancinsa da kafucino? Kada in je in yi abin kunya.

Sadiya: Ƙaramin kofi ne, esfireso ninki biyu, madara mai laushi da kumfa siririya, don haka gahawar ta fi fitowa. Kafucino ya fi kumfa. Da shi nake so ka fara, tunda da madara ka saba. Kuma babu abin kunya. Ka ce musu kai baƙo ne, da madara da suga ka saba sha, me za su ba ka? Mu da muke bayan kanta mun fi son mai wannan tambayar a kan wanda ya haddace sunaye a intanet ya zo yana yi mana jarrabawa. Sai dai ka guji ƙarfe takwas zuwa tara na safe, lokacin layi ya kai waje, kowa yana sauri ofis, ba mai sauraronka. Tunda bayan azahar kake da lokaci, ka dace. Ka kula kuma, da yawa suna rufewa tun huɗu ko biyar, wasu na unguwar ofisoshi ba sa buɗewa Asabar da Lahadi, wasu kuma kati kawai suke karɓa.

Baba Ilu: 'Ya'yana, kun cika wurin da sikeli da digiri, bari tsoho ya sa baki. Abin da yake ba ni dariya shi ne yadda ake kawo mana wannan abu kamar jiya aka gano shi. Sufayen Yaman ne suka fara shan gahawa a ƙarni na 15 don su raya dare da zikiri, daga tashar ruwan Moka take fita duniya. A 1511 gwamnan Makka, Khair Beg, ya hana ta, hanin bai daɗe ba. Wajen 1555 an buɗe gidajen shanta a Istanbul. Sunan ma daga Larabci ya bi ta Turkanci ya isa Turai, ya zagayo ya same mu muna ce wa abin sha kofi, mazubinsa ma kofi, alhali muna da gahawa tun tuni.

Landan kuwa sai 1652, lokacin da wani Pasqua Rosée, baran wani ɗan kasuwa da ya yi zama a Izmir, ya kafa rumfarsa a wani lungu, St Michael's Alley, kusa da tashar Bank. Nura, ka je ka gani, akwai allo a bango. Wurin yanzu mashaya ce, don haka daga waje za ka tsaya ka karanta. Da kobo guda na lokacin mutum yake shiga irin waɗannan gidajen ya zauna ya ji labarin jiragen ruwa da siyasa, har ana ce musu jami'ar kobo. Kasuwar inshorar Lloyd's daga gidan gahawar Edward Lloyd ta samo asali, kasuwar hannun jarinsu kuma daga gidan Jonathan. Sarki Charles na biyu ya ga surutun ya yi yawa, ya ba da umarnin rufe su a ƙarshen Disambar 1675, bai yi mako biyu ba ya janye. To wancan zamanin mutane hira suke zuwa yi. Yanzu da na leƙa, kowa ya toshe kunne ya sa kwamfuta a gaba, shiru kamar ɗakin jarrabawa. Wannan shi ne ƙorafina, ba tsami ba.

Ummi: Baba Allah ya ƙara lafiya. Sarkin ma ya gwada ya kasa, balle Alhaji Sani.

Hajiya Binta: Ni tambaya gare ni, kada a ga na kawo wani zance. 'Yata ta kawo mini leda, a jiki an rubuta wai tana da ɗanɗanon jan inabi da giya. Ban buɗe ba, tana nan a ajiye. An zuba ne ko yaya?

Sadiya: Hajiya, yawanci ba a zuba komai ba. Kwatance ne kawai na maɗanɗana, kamar yadda za su rubuta cakulan ko zuma ko fure alhali babu ko ɗaya a ciki. An fi rubuta haka a kan wadda aka shanya da ɓawonta, ko wadda aka rufe a tanki ba iska kafin a shanya. Amma akwai wata daban da ake ajiye ɗanyar ƙwayar a cikin gangar da aka taɓa zuba wuski don ta ɗauki warin, kuma ana rubuta hakan ɓaro-ɓaro a jikin leda. Ki duba ko an ambaci ganga. Hukuncinta kuma sai malamai, ni ba fagena ba ne. Nura, kai ma ka lura, wasu shagunan da yamma suna juyewa su koma sayar da giya, har da wadda ake haɗawa da esfireso.

Hajiya Binta: Na duba, babu ganga. Allah ya yi albarka, 'yata.

Nura: Jama'a na iso tun jiya. Yau na bi hanyar Malam Habu. Bar Italia da farko: ɗan mitsitsin kofi, kurɓa biyu ya ƙare, ɗaci mai kauri, na sa suga ba wanda ya kalle ni. Alhaji, wannan naka ne. Algerian kuwa na shiga don in leƙa, na fito da leda biyu. Filat wayit ɗin da na sha daga baya shi ya ba ni mamaki, na kai rabi kafin in tuna ban sa suga ba.

Sadiya: Zaƙin madarar ne. In aka ɗumama ta zuwa digiri 60 ko 65 zaƙinta yana fitowa, in ta wuce haka ya gudu. Shi ya sa ba sa ba ka ita tana ƙona baki, ba wai injin ne ya lalace ba. Gobe ka tafi Monmouth. Tun 1978 suke suya, suna cikin waɗanda suka fara wannan harkar a garin tun kafin a raɗa mata suna. Akwai na asali a Monmouth Street, ɗan ƙarami, akwai na bakin kasuwar Borough kusa da London Bridge. Za ka ga layi, kada ya tsorata ka, yana tafiya. Ka nemi ta tace, wato wadda ake zuba wa garin ruwan zafi ya tsiyaye ta matata, baƙa, kada ka sa komai sai ta ɗan huce.

Malam Habu: Jibi kuma Prufrock a Leather Lane, ka sauka a Farringdon ko Chancery Lane. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, Gwilym Davies, a amalanken gahawa yake sayarwa a kasuwannin titi lokacin da ya ci gasar barista ta duniya a 2009. Kafin shi James Hoffmann ya ci a 2007, shi ne suka kafa kamfanin suya na Square Mile da Anette Moldvaer a 2008, za ka yi ta ganin ledarsu a shaguna. Abin da ya sa nake ganin girman Davies wani kati ne da ya fito da shi a ƙarshen 2009. Ka san katin da ake buga maka hatimi, in ka sha sau tara a shago ɗaya a ba ka na goma kyauta? Shi sai ya juya abin: ka je ka sha a shaguna takwas na abokan hamayyarsa, ka dawo ya ba ka kyauta. Ya gane cewa in mutane suka san gahawar kirki kowa ya samu.

Alhaji Sani: To tunda kowa ya samu, manomin fa? Ana buga hotonsa a jikin leda yana murmushi, ana sayar da ɗan kofi fam uku da wani abu. Nawa ne ya isa hannunsa?

Injiniya Bashir: Wannan tambayar ta fi ta tsami nauyi, Alhaji. Mu yi lissafi. Giram 18 ake sa wa kofi ɗaya, wato kilo guda yana ba da kofi 55. Ko da mai suya ya ninka wa manomi kuɗi, abin da ya ƙaru a kan kowane kofi 'yan kwabbai ne. Yawancin abin da ka biya na haya ne da albashi da madara da haraji. Farashin arabika a kasuwar duniya kuwa a Niyu Yok ake yanke shi, kuma lilo yake yi: a 2019 fam ɗaya na nauyi ya faɗi ƙasa da dala guda, manoma da yawa ko kuɗin noma ba su mayar ba, a Fabrairun 2025 kuma ya haura dala huɗu saboda fari a Barazil, wadda ita kaɗai take noma kusan kashi ɗaya cikin uku na gahawar duniya. Masu ta musamman suna cewa suna biyan sama da wannan farashin. Wasu da gaske suke, har suna wallafa abin da suka biya. Wasu hoton kawai gare su.

Malam Habu: Amma kada a manta akwai manoman da abin ya ɗaga. Gonar Hacienda La Esmeralda a Fanama ta fito da irin gesha a gasar 2004, aka saye shi dala 21 kan fam ɗaya, kuɗin da ba a taɓa ji ba a lokacin. Irin kuwa asalinsa daga dajin Gesha ne a Habasha.

Alhaji Sani: Ka ji ko? Iri na Habasha, kuɗi a Fanama, shago a Landan. Malam Habu, da bakinka ka ba ni hujja.

Malam Habu: Na ba ka wannan, Alhaji. Ba ni da amsa.

Dakta Rabi: Tunda an zo nan, Nura, in ka samu sarari ka leƙa shagon Qima a Warren Street. Wani ɗan asalin Yaman, Faris Sheibani, ya kafa kamfanin a 2016 ana tsakiyar yaƙi, suna saye daga ƙananan manoman can. Ko ba komai ka ɗanɗana ta ƙasar da Baba Ilu ya ce daga nan aka faro. Kofi nawa ka sha yau?

Nura: Uku, Dakta, wallahi uku. Na Monmouth ya koya mini abu. Kurɓar farko da zafi ban ji komai ba sai ruwan zafi mai ɗan ɗaci, har na fara cewa Alhaji ya yi gaskiya. Na zauna ina kallon masu shiga kasuwa, na manta da ita kamar minti biyar. Da na sake kurɓa sai na ji kamar an canza mini kofi, wani zaƙi-zaƙi da ɗan tsami mai daɗi a gefen harshe. Ta Kenya ce. Amma daga baya na shiga wani shagon da yake cikin tsohon jerina, wanda hotunansa suka fi na kowa kyau, nan na gamu da irin ta Alhaji sak. Tsami tsagwaronsa, bayansa babu komai. Na tuna maganar Sadiya, na yi ta maza na ce musu ta yi mini tsami. Yarinyar ta ɗanɗana, ta ce niƙan ne ya kauce tun rana, ta gyara injin ta sake mini. Ta biyun ta fi, amma ba ta kai ta Monmouth ba.

Alhaji Sani: Alhamdu lillahi, an samu shaida. Da cewa ake harshena ne ya tsufa.

Ummi: Alhaji ai rabin shaida ce, ya ce ta Kenya ta yi daɗi.

Nura: Gobe ne kwana na ƙarshe. Ina so in sayo ƙwaya in taho da ita. Me zan duba?

Sadiya: Ranar suya, ba ranar lalacewa ba. Wadda aka soya cikin mako ɗaya ko biyu ita kake so, kuma ta jiya-jiya ma ba ta nuna ba, tana buƙatar 'yan kwanaki iskar da ke cikinta ta fita. Ɗan maɓallin da kake gani a jikin leda aikinsa ke nan, ya fitar da iska ba ya bari ta shiga. Ka sayi ƙwaya, kada ka bari su niƙa maka, gari yana rasa ƙamshinsa da wuri ƙwarai. Ƙananan leda biyu masu giram 250 sun fi babba ɗaya. Kuma kada ka sa a firji, tana jan warin duk abin da ke ciki.

Injiniya Bashir: Kada kuma ka yi mamaki in ka dafa ta fito daban da yadda ka sha a shago. Fiye da kashi 98 cikin 100 na abin da ke kofin tace ruwa ne. Ruwan famfon Landan yana da alli sosai, shi ya sa shagunan suke tace nasu kafin ya shiga inji. Ka fara da giram 60 a lita guda, ruwan ya tafasa ka ba shi kamar rabin minti. In za ka sayi abin dafawa, AeroPress ya fi sauƙi ga matafiyi, roba ce ba ta fashewa, wani injiniya Alan Adler ya fito da ita a 2005. Mazurarin tace V60 na kamfanin Hario ya fi araha amma yana son hannu.

Ummi: Injiniya dole sai ya nuna mana injiniya ne ya ƙirƙira.

Nura: Na dawo lafiya. A ƙarshe shaguna tara na shiga maimakon 24, uku daga ciki ma ba sa jerin. Prufrock na fi daɗewa, na yi kusan awa biyu. Baba Ilu, a nan na samu hirar da ka ce ta mutu: wani dattijo ya gan ni ina jujjuya leda ya tambaye ni me nake nema, muka ɓarke da zance har gahawata ta yi sanyi, kuma a sanyin ma ta sha. Qima ban samu zuwa ba, taron ranar ƙarshe ya ja har la'asar. Lungun Pasqua Rosée sai da na wuce shi sau biyu kafin in gane shi, mutum biyu da ƙyar suke gittawa. Matsalata yanzu ɗaya ce: na bi maganar Sadiya na sayo ƙwaya leda huɗu, sai da na buɗe jaka na tuna ba ni da injin niƙa.

Sadiya: Inna lillahi. Laifina ne, ban tambaye ka ba. Kada ka sa a injin markaɗe don Allah, sara yake yi ba niƙa ba, wani ya zama ƙura wani tsaki. Ka nemi ɗan na hannu mai haƙora, wanda ake juyawa. Kafin ya zo ka bar ledojin a rufe.

Alhaji Sani: Nura, ni ina da injin. Ka zo da ta Algerian ɗin, baƙar, mu niƙa. Ta Kenyar ma ka ɗan ɗebo, kaɗan dai, in ji abin da kuke ta yi wa surutu.